Inna Ta Kama Sunan Ɗan Fari

Har ladanin unguwa ya yi kiran assalatu, Tahiru bai runtsa ba. Yana kwance rigingine a tsakar gida, inda zafin bazara ya koro shi daga ɗaki, kunnensa yana kan ƙofar langa-langa da ke hannun dama, wadda shi da kansa ya ɗaura wa kwaɗo bayan sallar isha'i. A bayan ƙofar nan mahaifiyarsa take. Ba ta dukan ƙofa, ba ta ihu. Kira kawai take yi a hankali, da irin muryar da ake kiran yaron da ya daɗe a wurin wasa.

"Tahiru. Tahiru, kana ina?"

Shekarunsa sun doshi talatin, amma sai a bana ya fara jin sunansa a bakinta.

Shi ne ɗan farinta. Ta daɗe a ɗakin miji babu haihuwa, har mutanen ƙauyensu na ƙasar Dakusa suka fid da rai, sannan Allah ya kawo shi, daga bayansa kuma ƙanwarsa Delu. Daɗewar jiran ba ta rage komai daga kunyar ɗan fari ba, sai ma ƙara ta da ta yi. Inna Rabi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. In zance ya zama dole sai ta ce "wancan", da aka ɗauke shi zuwa makaranta a Damagaram kuwa ya koma "ɗan lakwal". Akwai wani mai awon gyaɗa a kasuwar Takieta mai irin sunansa. Ta gwammace ta ɗauki kayanta zuwa ma'auni mai nisa da ta kira mutumin. Ranar da ya dawo daga jami'ar Yamai, ƙauye duka ya fito taryarsa, ita kuwa ta juya baya tana tankaɗe, ta ce wa Delu, "Baƙon naku ya sha ruwa?" Kowa ya yaba da ita a ranar. Shi ma ya yaba.

Sai damina ta ƙi, ta sake ƙi. Mahaifinsa, Illa, ya riga ya rasu. Mijin Delu ya tafi kudu neman abin kai wa baki, aka ji shiru. Da rumbu ya ƙare, Delu ta ɗauko Inna suka shigo gari, suka sauka a ɗan gidan da Tahiru ke haya a Sabon Gari, kusa da lise, makarantar sakandaren da yake koyar da tarihi.

Da farko abin bai fi ƙarfin dariya ba. Inna takan zuba gishiri sau biyu, ta yi la'asar ta sake tayar da ita, ta ajiye wa Illa tuwo. Sannan wata yamma, suna zaune su uku, ta ɗaga kai ta dubi ƙofar gida ta kira sunan, ɓaro-ɓaro. Ludayi ya faɗi daga hannun Delu. Tahiru ya tashi ya fita ba tare da ya sa takalmi ba.

Kawu Nomau, ƙanen Inna, yakan shigo gari kowace Alhamis don cin kasuwar Dole. Da ya ji da kunnensa, sai ya yi salati ya ce, "Wannan ba Rabi ba ce. Rabin da na sani, ko wuƙa aka sa mata a wuya ba ta kama sunan nan. Wani ne ya hau kanta yana magana da bakinta." Ya ce akwai wani mai magani a can gaba da Takieta, wanda ake kai masa irin waɗannan, a sa su a mari har mai abin ya saki. Ya ce ran Alhamis mai zuwa, in an tashi kasuwa, zai sa ta a kamiyo, babbar motar kaya, su tafi.

Tahiru ya ce to. Mutumin da ya yi shekaru yana karanta littattafan da ba su bar wa aljanu wurin zama ba, ya ce to ba tare da gardama ba, kuma ya san dalili.

A makon nan ne Inna ta sulale lokacin da Delu take layin ruwa, ta bi titi har ƙofar lise, daidai lokacin da ake tashi. Kanta babu kallabi, zanenta ya zamo gefe guda, tana tare ɗalibai ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko sun ga yaronta Tahiru, mai tukku, mai tabo a gwiwar hagu. Yaran suka yi mata zobe suna dariya, waɗansu suna waigen malaminsu don sun ji sunan. Usman mai gadi ya matso, ya kira shi yadda ake kiran malaman boko, ya ce, "Mushe, ka san ta?" Tahiru yana tsaye da littattafai a hammata, a cikin farar taguwarsa mai guga. Ya ji bakinsa ya ce, "Wata tsohuwa ce daga ƙauyenmu. Yunwa ta kawo su." Ya roƙi wata mai tallan ƙosai ta raka ta gida, shi kuwa ya bi ta wani lungu.

Tun ranar ya sayo kwaɗon. Kuma tun ranar wata tambaya ta hana shi barci: magani zai kai ta, ko kuwa nesa zai kai ta?

Da gari ya waye ba shi da aji sai yamma, ya ɗauki keke ya nufi babban asibiti. Ya riga ya leƙa ɗakin karatu a farkon mako, ya sami wani ƙaton littafin likitanci wanda ya ba ciwon rabin shafi. Rabin shafin ya yi bayanin yadda abin ke ƙarewa, dalla-dalla, amma bai ce komai ba game da yadda ake yi da mace mai fita neman yaron da ya riga ya yi gemu.

Farfajiyar asibitin cike take da matan daji, kowace da jariri mai ƙafafu kamar sillen kara. Ya ratsa su yana jin nauyin kansa: shi da ya zo a kan tsohuwar da ke cin tuwonta tas. Ya jira har rana ta take kafin a shigar da shi. Likitan bai girme shi da yawa ba, idanunsa jajur don rashin barci. Ya saurari bayanin yana wanke hannu a cikin ɗan ruwan da bai kai moɗa ba.

"Mece ce ita a wurinka?"

Tahiru ya amsa da Faransanci cewa mahaifiyarsa ce. Ya lura a harshen nan maganar ta fito masa ba wuya, kamar ana zancen uwar wani.

Likitan ya mayar da su Hausa. Ya ce abin da mutane ke kira gigin tsufa ne, kuma ba shi da maganinsa, ba a nan ba, ba a Yamai ba, ba a Turai ba. Ya ce ba irin haukan da ake kaiwa kabano, sashen mahaukata, ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ke zubar da abin da ta tara. Na kusa ke fara zubewa, na nesa ya daɗe.

"Amma tana kama sunana," in ji Tahiru. "Ni ne ɗan fari."

Likitan ya tsaya da goge hannu. Ɗan ƙasar ne shi ma, bai nemi ƙarin bayani ba. Ya ce, "Kunya ma koyonta aka yi. Tana iya zubewa tare da sauran."

"Kawuna ya ce a kai ta mari."

"Na sha ganin ƙafafun waɗanda suka dawo. Wanda ya dawo da tunaninsa dai ban gani ba tukuna." Wata majo, ma'aikaciyar jinya, ta leƙo tana kiransa, ya nufi ƙofa, sai ya waigo. "Ni abin da na sani ke nan, ka ga bai taka kara ya karya ba. Amma akwai wata Hajiya Lubabatu a unguwar Birni, matar Mai Nasara baduku. Mijinta ma haka yake. Ta ce mini duk wanda ya zo da irin wannan in turo mata shi."

Bai tafi a ranar ba. Ya yi ta juya abin har washegari: ya shiga gidan mutanen da bai sani ba ya kwance musu sirrin gidansu? Amma Alhamis tana matsowa, kiran kuma bai fasa ba.

Gidan yana cikin lungunan Birni, bayan wani dutse da ya tokare hanya har sai an kewaya shi. Zauren yana warin fata da bagaruwa, ko da yake da gani an daɗe ba a yi aiki a cikinsa ba. Wani tsoho siriri yana zaune a kan buzu, ya shimfiɗa takardar buhun siminti a kan allo, yana binta da wani guntun itace kamar mai yanka, a nutse, da ƙwarewar da ba ta bar hannunsa ba. Ya ɗago ya dubi Tahiru.

"Jakarka ba ta gamu ba. Sai jibi."

"Ka ce masa to," wata murya ta faɗa daga cikin gida. "Da lafiyarsa ma haka yake yi wa mutane."

Hajiya Lubabatu ta fito tana gyara mayafi, mace mai jiki wadda yunwar bana ba ta rage wa murya ba. Da ta ji wanda ya turo shi sai ta tafa hannu.

"Kai ne na fari da ya zo! Sauran duk sun ce wa likita za su zo. Garin nan kowa da nasa a ƙuryar ɗaki, ya danna masa kwaɗo, ya fito yana gaisawa da mutane kamar ba komai." Ta dube shi, ta ga inda idanunsa suka koma. "Au, kai ma da kwaɗon? To ni ma na yi. Zauna, ɗan nan."

Ta fara tambayarsa abin da littattafan Turawa suka ce, tunda mushe ne. Ya faɗa mata rabin shafin, ya ƙara da maganar likita. Ta saurara da kyau, har tana sa shi ya maimaita wani wurin, sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Ashe su ma nan suka tsaya. Ni da nake cewa ɓoye mana suke yi."

Ta ba shi nata, ba a jere ba, yadda ya zo mata. Ta ɓoye wuƙaƙen aiki, ta bar masa itace da takarda, don in hannunsa yana motsi ƙafarsa takan zauna. Ta daina yi masa musu. In ya ce babansa yana jiransa, sai ta ce a bari rana ta yi sanyi. Ta cire kwaɗo ta rataya gwangwanaye a jikin ƙofa, don kulle yana ƙara haukata shi. Wata rana duk wannan ya yi aiki, wata rana ko ɗaya. Makon jiya ma da muciya ya kai mata duka. Abin da ya fi taimakonta kuwa shi ne wanda ya fi yi mata wuya.

"Gida gida na bi na faɗa. Na ce Mai Nasara ya rikice, duk wanda ya gan shi a hanya ya riƙe mini. Yini guda na sha kunyar, har zazzaɓi na yi. Yanzu in ya fita, kafin ya kai bakin titi an dawo mini da shi, wani lokaci har da goro a aljihu."

Tsohon ya miƙe ƙafa don ya gyara zama. A nan Tahiru ya ga idon sawunsa: zobe biyu farare, fatar ta kwanta ta yi sheƙi. Hajiya ta ga ya gani.

"Ƴaƴansa suka ce a kai shi mari, ni kuma ban hana ba. Ya tafi yana sanina, ya dawo bai san ni ba." Ta kau da kai. "To, taka fa? Me take yi?"

Ya faɗi na gishiri da na salla da na fita. Ya bar na ƙofar lise. Daga ƙarshe, yana kallon ƙasa, ya faɗi na sunan.

Hajiya ta dafe baki. "Ɗan fari? Da sunanka na yanka? Innalillahi." Ta daɗe tana girgiza kai, shi kuwa ya ji kunyar ta dawo masa sabuwa, don ya zaci a nan gidan aƙalla ba za a yi mamaki ba. Can ta sauke hannu. "Kai kuma me kake cewa in ta kira?"

"Ba na cewa komai."

"Ana kiranka kana ji, ka yi gum? A lakwal aka koya muku?"

"Hajiya, ba ni take kira ba. Ba ta gane ni. Yaro take nema. Kuma in na amsa, kamar na shaida abin ne. Kawuna ya ce ba ita ba ce ke magana."

"Kawunka namiji ne." Ta ɗauki wani zare daga kan tabarma tana naɗe shi a yatsa. "Nawa ɗan farin yana Kano. Ban taɓa faɗin sunansa ba, kuma in Allah ya bar ni da hankalina ba zan faɗa ba har in mutu. Amma kana tsammani don ba mu faɗa ba, ba ma kira?"

Tahiru ya sunkuyar da kai. Ita ma kamar ta ji ta wuce gona da iri, sai ta yi saurin sake zance, ta ɗaga murya.

"Kada ka ɗauka don Allah kaɗai na ce a turo mini mutane. Ni ma buƙata gare ni. Namiji nake nema. Mutumin nan ya ƙi in yi masa wanka. In na taɓa rigarsa sai ya ce in ji tsoron Allah, shi da matarsa, kuma mafaɗaciya ce." Ta yi dariya har da ƙwalla. "Ka ji fa! Mazan gidan duk suna nesa. Ka riƙa zuwa kana yi masa wanka da aski, ka kawo mini tsohuwarka ta riƙa yini a nan. Ni da surukaina muna gida. Ga tsinkar zogale, ga sussuka in an samu. Ƙanwarka ta sami ta numfasa."

A ranar ya fara. Rabin bokiti ta iya ba shi, don ruwa a garin ya zama abin da ake bi da dabara. Mai Nasara ya ɗauka shi wani tsohon yaron shagonsa ne, ya bi shi bayan gida ba musu, yana yi masa faɗa a kan wata fata da aka bari ta bushe. Tahiru ya cuɗa bayan da ƙasusuwa suka fito, ya wanke wuyan, ya durƙusa ya wanke ƙafafun. Da ya zo kan zoben nan sai tsohon ya janye ƙafa da sauri, faɗan ya tsaya cak. Ya manta matarsa, ya manta sunan unguwarsu, amma ƙafar ba ta manta ba.

Da magariba ta kawo jiki ya koma gida, ya tarar da Delu tana wankin zannuwan Inna a cikin ruwan da aka riga aka wanke kwanoni da shi. Ya tsuguna nesa kaɗan ya faɗa mata inda ya je. Ba ta ɗago ba.

"Yaya, ka ce an gama magana da Kawu."

"Na ga ƙafar mutumin da aka kai, Delu."

"Ka ga hannuna?" Ta ɗaga su, duk sun tsattsage. "Kai kunya kake ji, ni gajiya nake ji. Ba don ba na son ta ba ne. In na tafi layin ruwa zuciyata tana nan, in ina nan babu ruwa. Rabon da in yi barci har in yi mafarki na manta."

Ya ce da rana Inna za ta riƙa yini a Birni, da dare kuma shi zai karɓa.

"Kai?" Yanzu ta dube shi. "Kai da ko ɗakinta ba ka shiga? Tun da muka zo, in tana nan kana can. Da dai mun san dalili. Yanzu ita ta saki tata kunyar, kai ka riƙe taka da hannu biyu, don ta yi maka rana."

Ƙanwarsa ce, ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ya so ya ce al'ada ce, ya ga al'adar ba ta taɓa hana ɗa ɗaukar bokiti ba. Delu ta matse zanen ta shanya a igiya.

"Mu gani," in ji ta.

Ran Alhamis Kawu Nomau ya iso da hantsi, ya sayar da ƴar akuyar da ya kawo, ya ƙullo wa yayarsa goro a bakin rawani. Ya ce kamiyon zai tashi bayan azahar, a haɗa mata kaya kaɗan. Tahiru ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo ruwa, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa.

"Kawu, wancan makon na yi magana ban yi tunani ba. A yi mini haƙuri. Inna za ta zauna."

Nomau ya dube shi. "Lakwal ce ta faɗa maka?"

"A'a, Kawu."

"Kana tsammani ƙinta nake yi? Ita ta goye ni. Ita nake ji. Ranar da za ta warke a gaya mata abin da bakinta ya yi ta faɗa a titi, kunya ce za ta kashe ta. Gara a raba ta da abin tun mutane ba su gama ji ba."

"Likita ya ce ba za ta warke ba."

"Likita Allah ne?"

"A'a, Kawu."

Nan maganar ta tsaya, don Tahiru ba shi da wata hujja da zai iya ɗorawa a gaban ƙanen mahaifiyarsa ba tare da ya yi rashin kunya ba. Ya tashi ya je ƙofar langa-langar, ya buɗe kwaɗon, ya zare shi gaba ɗaya ya sa a aljihu.

Inna ta fito tana kare ido daga rana. Delu ta riga ta ɗaura mata kallabi. Ta dubi ƙanenta ba ta nuna ta san shi ba, ta karɓi goron ta yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Sannan ta juya wajen ƙofar gida, ta ɗan karkata kai.

"Tahiru!"

Nomau ya kau da fuska yana salati. Delu ta sunkuya a kan murhu. Tahiru ya ji zafi ya taso masa daga wuya har kunnuwa, irin na ranar ƙofar lise.

"Na'am, Inna."

Inna ta juyo ta ƙare masa kallo, tun daga gemu har takalmi, ta yi ɗan murmushin ban haƙuri.

"Ba kai ba, bawan Allah. Yarona nake kira. Ɗan ƙarami ne, mai tukku." Ta matso, ta rage murya. "Tun safe ya fita bai ci komai ba. Ko za ka taya ni dubawa?"

"Zan taya ki. Mu je."

Ya ɗauko mata takalma ya ajiye a gabanta, ta dafa kafaɗarsa ta sa. Iyakar saninsa, wannan ne karo na farko da hannunta ya sauka a jikinsa. Kawu Nomau bai ce a tsaya ba, bai kuma ce Allah ya kiyaye ba. Yana zaune yana kallon tabarma har suka fita.

Hanya biyu ce zuwa Birni daga gidan. Akwai lungun da ya bi rannan, akwai titin da ya ratsa ta ƙofar lise. Da suka kai mararraba ƙafarsa ta so lungun. Ya miƙe titi.

Inna tana riƙe da hannun taguwarsa tana ba shi labari. Ta ce yaron yana da ƙoƙari, ya iya ƙirga awaki tun bai iya ɗaura wando ba. Ta ce tabon gwiwarsa daga kan jaki ya faɗo, ita kuwa tana kallo daga bakin rijiya, ga mutane, ba ta iya zuwa ta ɗauke shi ba, sai wata maƙwabciya ce ta ɗauka. Ta ce daren ranar sai da kowa ya yi barci ta je ta duba ciwon. Tahiru yana tafe yana cewa, "Haka ne? Allah sarki." Bai taɓa jin wannan ba.

An fito shan iska, ɗalibai sun cika bakin ƙofa. Waɗansu suka gane ta, aka fara taɓa juna. Usman mai gadi ya taso daga kan bencinsa da niyyar ya kore ta, sai ya ga wanda take riƙe da shi, ya tsaya.

"Malam Usman, ina kwana. Wannan mahaifiyata ce." Muryar ta fito ƙasa da yadda ya so, ya sake faɗa yadda na bayan za su ji. "Mahaifiyata ce. Tsufa ya taɓa tunaninta. In ka ƙara ganinta ita kaɗai, don Allah ka zaunar da ita a inuwa, ka aika a kira ni, ko ina cikin aji."

Mai gadin ya dube shi, ya dubi tsohuwar. In ya tuna da maganar rannan, bai nuna ba. Ya cire hula ya rusuna.

"Ina kwana, Inna. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ba ka ga wani yaro ba?"

"Ya yi nan," in ji Tahiru, ya nuna hanyar Birni.

Akwai mai shayi a gaba, da mai faci, da matar da ke tuyar ƙosai, duk sai ya tsaya a wurinsu ya faɗa musu. Ya gyara mata kallabin da ya fara zamewa, suka ci gaba da tafiya a hankali, daidai ƙarfin ƙafarta.